Badon Tafkin Gawo Yana Mutuwa

Litinin, 19 ga Oktoba 1981, bayan la'asar

Inna ta dawo daga tafki da rabin ƙwarya. Rabi fa! Matar da kowace kaka take cika buhu biyu da 'ya'yan bado, mu ci dambunsa har bazara, ta kuma aika wa ƙanwarta a Bakura. Ta zube shi a tsakar gida ta kira matata: "Taiba, zo ki gani. Wanga ba bado ba ne, gawa ce." Na leƙa. Ƙwallon da ya kamata ya fashe da iri ya yi baƙi, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir.

Ta ce ganyen da ke kwance a kan ruwa ta gefen gabas duk ya yi rawaya, ya naɗe baki. Gefen gabas, wato wajen tudu.

Na ce tsutsa ce. Inna ba ta dube ni ba. Ni ne ɗan farinta, tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, in tana da magana da ni randa take duba. Ta dubi randa ta ce, "A gaya ma direba shekara arba'in nike shiga tafkin ga. Na san tsutsa."

Na ɗauko littafin nan ne don kaina ya ɗau zafi. Ba wani abin rubutawa ba ne ma.

Talata, 20 ga Oktoba, da azahar, a yadin ajiye injinan aiki

Yau sau biyu ina kashe katafila a tsakiyar aiki ba dalili. Foman, mai kula da mu a wurin aiki, ya daka mini tsawa: "Nasidi, barci kake?" Shekara huɗu ina tuƙa wa ɗan kwangilar nan, ina share masa hanyoyin ruwa daga Maradun har ƙasan Mafara, ban taɓa karya masa ko madubi ba. Yau shi zai ce ina barci. Mutumin da ko keke bai iya ba.

Tsutsa ce. Ko kuwa ruwan bana ne ya yi yawa.

Laraba, 21 ga Oktoba, da sassafe

Kafin in tafi aiki na bi ta tafkin.

Tafkin Gawo shi kaɗai ya rage mana. Tun da aka datse gulbi ruwa ya daina malalowa fadama, sauran tafkuna duk sun bushe sun zama filin ƙwallon yara. Shi wannan idon ruwa gare shi a ƙasa, shi ya sa ba ya ƙafewa. Rijiyar tungarmu tana bakinsa na yamma, taku arba'in. Baba ne ya haƙa ta da hannunsa, gida goma sha bakwai muke sha.

Gaskiyar Inna. Kashi ɗaya cikin uku ya mutu. Daga yamma furen bado fari tas, ya buɗe yana shan hantsi. Daga gabas sai ka ce an bi shi da wuta. Kainuwa ma, wadda ko ka tsine mata ba ta mutuwa, ta yi ja ta nutse. Ruwan kuwa garau, har ƙasa kana gani. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, garau ɗin.

Na kafa kara a bakin gaɓa daidai inda mutuwar ta tsaya. Ban dubi tudu ba.

Juma'a, 23 ga Oktoba, bayan mun dawo masallaci daga Morai

Ta wuce karan da taku shida.

A hanya Hayatu ya tare ni, Bafulatanin da ke yankan burugu a tafkin yana ba shanunsa. Tun muna yara muke zolayar juna. Bayan mun gaisa ya ce, "Kaɗo, ku da injinanku kun cinye fadama, yanzu ciyawar ruwa ma kun sa mata ido? Burugu ya bushe a tsaye cikin ruwa. Ka taɓa gani?"

Na ce, "Shanunka ne suka yi fitsari a ciki." Ya yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Ya ce kwaɗi ma sun yi shiru. Wannan ban lura ba sai da ya faɗa, yanzu kuma ba abin da nake ji sai shirun.

Asabar, 24 ga Oktoba, da yamma

Na sayi jarka biyu a Mafara, na cika su a famfon yadi, na ɗauro a keke. Na ce wa Taiba daga yau wannan za a zuba a randar ɗakinmu, shi 'yarmu Baturiya za ta sha. Ta ce me ya sami rijiya? Na ce ba komai, yarinya 'yar shekara huɗu ruwan famfo ya fi mata. Ta ce to yau aka haife ta? Na ce in ba za ta zuba ba in zuba da kaina. Na ɗaga murya har kaji suka watse.

Ta zuba. Ta bi ni da kallo.

Lahadi, 25 ga Oktoba, da hantsi

Taku goma sha ɗaya.

Litinin, 26 ga Oktoba, bayan magariba

Na sa Taiba ta kai wa Inna ruwan jarka. Ya dawo a ƙoƙon yadda ya tafi. Saƙon da ya biyo shi: "A gaya ma direba ruwan da tunga ka sha, shi nika sha."

Inna ta je wajen Liman Malami yau. Ta ce masa rijiya da tafki jijiya ɗaya suke sha a ƙasa, abin da ya kashe bado yana tafe rijiya, a hana mutane. Liman mutumin kirki ne, shi ya yi wa Baba sallah. Ya sa aka ja guga, ya zuba a farar tasa, ya duba a rana, ya shinshina, ya kurɓa. Ya ce abin da ya karanta shi ne, ruwa bai ɓaci ba sai ɗayan uku ya sauya: launi, ko ɗanɗano, ko wari. Wannan ko ɗaya bai sauya ba. Ya ce ba zai ɗora wa mata tafiyar sa'a guda zuwa wata rijiya saboda ganye ba. Amma don hankalin tsohuwa ya kwanta, ran Lahadi a yi gayya a yashe rijiyar, ko wani abu ya faɗa ya mutu a ciki.

Ina tsaye a wurin. Har kai na gyaɗa.

Launi, ɗanɗano, wari. Ya Allah. Wanda ya rubuta wannan hukuncin bai taɓa ganin abin da na gani ba.

Talata, 27 ga Oktoba, da azahar, a yadi

Na sami foman shi kaɗai yana cin rogo. Na ce masa, "Oga, kayan nan na watan Mayu, me ke cikinsu?"

Ya ce, "Waɗanne kaya?"

Na ce ya sani.

Ya goge hannu a wando ya ce shi bai ba kowa kaya ba, bai san kaya ba, kuma in ina son aikina in san inda nake sa bakina. Ya ce, "Ka manta abin da ya faru bara a bakin dam? Kana so a ji sunan tungarku a ofis?"

Ban manta ba. Ba wanda ya manta ranar da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoma masu neman diyyar gonakinsu. Tun daga lokacin ko mutum biyar suka tsaya a gindin itace sai sun waiwaya.

Tir da shi. Tir da ni da na tsaya ina ce masa oga.

Laraba, 28 ga Oktoba, da sassafe

Taku ashirin da biyu. Mutuwar ta wuce rabin tafkin. Ban karya ba na fita.

Alhamis, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Watan Mayu, kafin ruwan farko. Gangunan ƙarfe ashirin da uku a bayan yadi, na maganin da ake fesawa a hanyoyin ruwa don kashe ciyawa. Sun daɗe a rana, sun yi tsatsa, wasu suna zuba. Jikinsu hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Aka ce manya za su zo dubawa, foman ya ce in ɓatar da su kafin gobe, duk inda na ga dama.

Duk inda na ga dama. Daji ga shi nan iyakar ganinka.

Na kai su gonar Baba.

Gonar da ke kan tudu, gabas da tafki. Wadda aka auna da jan ƙyalle aka ce ta shiga aiki, aka kwashe ƙasarta aka yi bangon dam da ita, aka bar mana rami. Baba ya yi ta zuwa yana tsayawa a bakin ramin da hannu a baya har ciwon da ya tafi da shi. Ran nan ina kan katafila zuciyata tana tafasa, na ce tunda kun ce taku ce, to ga kayanku, ku ci. Na tura su ramin, na bi ta kansu da ƙarfe, na ji suna fashewa a ƙarƙashina. Wallahi daɗi na ji. Na rufe da ƙasa, na daddale, na ce abin da aka binne ya ƙare.

Rairayi ne wurin. Ni da na yi noma a cikinsa tun ina bin Baba da buta, na san rairayi ne, na san ruwa ba ya kwana a kansa. Damina guda ta sauka a kai.

Ni na ce tsutsa ce.

Juma'a, 30 ga Oktoba, da yamma

Ban faɗa ba. Na yi niyya a hanyar Morai, Liman yana gabana a kan jakinsa. Na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa ya ƙafa.

In na faɗa aiki ya tafi, wannan ɗaya. Sunan tunga ya shiga ofis, biyu. Amma ba su ne ba. Yaya zan tsaya a gaban mutanen da suka ɗauki gawar Baba in ce gonarsa na mayar juji, rijiyarsa kuma na zuba wa guba?

Wataƙila maganin ya tsaya a tafkin. Taku arba'in ba wasa ba ne.

Asabar, 31 ga Oktoba, bayan magariba

Barira maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi da 'yarta, sa'ar Baturiya. Yarinyar ta ce ƙishirwa. Kafin Taiba ta motsa Baturiya ta ɗebo mata a randarmu tana taƙama: "Namu na famfo ne, Baba ya ce kada in sha na rijiya." Barira ta yi dariya ta ce, "Iye, 'yan birni! Mu dai na Baba Ayuba ya ishe mu, shi munka sha munka girma."

Baba Ayuba. Ubana. Na tashi na fita ba takalmi.

Da na dawo Taiba ta tare ƙofa ta ce, "Baban Baturiya, me ka sani?" Na ce ta matsa. Ta ce 'yar Barira ba mutum ba ce? Na ce ta matsa ko ranta ya ɓaci. Ta matsa. Nawa ne ya ɓaci.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

An yashe rijiya.

Tun da hantsi maza suka taru da igiyoyi da guga, mata suka dama fura. Aka ce wa zai shiga? Liman ya ce ɗan mai rijiya ya fi cancanta. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu. Gaba takwas. Ina sauka ina ganin sawun da Baba ya sassara a bango don sa ƙafa, tazararsu daidai tsawon ƙafarsa, ni sai na miƙe nake kai wa.

Muka kwarfe ruwan tas, na yi ta cika guga da laka ana ja. An sami tsohon wasaki, da cokali, da takalmin yaro. Ba mushe. Daga sama ana ta barkwanci, Hayatu yana cewa a bar ni a ciki a huta.

Da laka ta ƙare na ga idon. Yana tsattsafowa daga bangon gabas, siriri, garau. Ina tsugune ina kallonsa yana taruwa a kan ƙafata. Sai na gane abin da muka yi: mun kwashe tsohon ruwa, mun buɗe wa sabo hanya. Duk gugan da aka ja, jawo shi muka yi.

Na ɗiba a tafin hannu na kai hanci. Ba komai. Na sa a harshe. Ba komai. Ruwa mai daɗi.

Da na fito Liman ya yi addu'a, ya sa wa Baba albarka, ya sa mini. Mutane suka shafa. Inna tana can nesa a gindin gawo, ba ta shafa ba.

Litinin, 2 ga Nuwamba, da safe

Ban je aiki ba. Na je famfo na dawo. Na share keke. Na sake share shi.

Talata, 3 ga Nuwamba, da azahar

Saniyar Hayatu ta yi ɓari, ta biyu ke nan cikin mako. Ya kwashe shanunsa ya yi arewa da su. Da zai wuce bai zolaye ni ba, ya dai ce, "Nasidi, ni ban yi karatu ba, amma abin da saniya ta shinshina ta juya, ba ni ba ɗana." Shi dabba ta gaya masa. Inna ganye ya gaya mata. Ni da na karanta hoton da ke jikin ganga, ni ne na yi shiru.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Ba sauran abin aunawa. Mutuwar ta kai gaɓar yamma. Fure uku na ƙirga, su ma sun sunkuya. Ciyawar da ke tsakanin tafki da rijiya, inda mata ke ajiye tulu, ta fara yin rawaya daga saiwa.

Alhamis, bayan la'asar

Inna ta saro ƙayar magarya ita kaɗai, ta ja ta har bakin rijiya ta rufe. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna a gefe. Mata sun zo da tuluna sun tsaya cirko-cirko. Wasu sun ce tsufa ne ya taɓa ta. Barira ta ce, "Inna Marka, yara na jin ƙishirwa fa." Inna ta ce su sha hawayensu ya fi.

An aika wa Liman. Ya ce gobe da safe zai zo da kansa ya ɗauke ƙayar, ya sha a gaban kowa, magana ta ƙare.

Uwata ake ce wa mahaukaciya. Ina ji, ina ɗaure jarka a keke.

Juma'a, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Zan rubuta.

Tunga duk ta fito. Liman ya gaida Inna da ladabi, ya tambayi kwananta da gajiyarta, ya ce, "Marka, ke uwa ce, ba mu ƙi taki ba. Amma an yashe, an duba, ba a ga komi ba. Shari'a da zahiri taka aiki." Ya sa aka janye ƙayar. Aka ja guga. Ya cika ƙoƙo, ya ɗaga kowa ya gani, ya yi bisimilla ya sha rabi. Sai ya sunkuya ya miƙa sauran ga yarinyar da ta fi kusa da shi, 'yar Barira. Ta kama da hannu biyu.

Ban san lokacin da na isa ba. Na dai ji ƙoƙon ya bugi bakin rijiya ya fashe, yarinyar tana kuka.

Na faɗa. Ganga ashirin da uku, watan Mayu, gonar Baba, hoton ƙoƙon kai. Na ce maganin an yi shi ne don ya kashe abin da ke tsiro cikin ruwa, kuma in ya narke ba shi da launi, ba shi da wari. Na ce ba wanda ya zaɓa mini wurin, ni na zaɓa. Na zaci za a yi ihu, ko a rufe ni da duka. Da an yi da na ji sauƙi. 

Liman ya daɗe yana duban gugan. Ya ce, "Innalillahi. Ashe ni ka ba mutane." Ya goge bakinsa da hannun riga. Sannan ya ɗago ya ce, "Binnewa kuskure ne, ɗana, zuciya ta ɗebe ka, Allah shi yafe. Abu guda zan tambaye ka. An ce gidanka ruwan Mafara aka sha. Yau kwana nawa?"

 Barira tana kallona, ta rungume 'yarta.

Daga kan tabarma Inna ta amsa. Ba randa a wurin, ba bango. Ni ta duba, ido cikin ido.

"Kwana goma sha ukku, Liman. Ni na ƙirga. Kwana goma sha ukku Nasidi na kallon ɗiyan mutane suna sha."

Shekarata talatin da huɗu. Yau na fara jin sunana a bakin uwata.

Lahadi, 8 ga Nuwamba, da azahar

An rufe rijiyar da itace da laka. Ba a kira ni ba, ban je ba. Dattawa suna shawarar wanda za a tura Mafara da maganar ramin, kowa yana duban ƙasa. Na aika cewa ni zan je, ni zan nuna wurin. Ba a ba ni amsa ba tukuna.

Foman ya aiko a karɓi makullin katafila. Na bayar. Famfon yadi ma ya haramta gare ni, sai na bakin kasuwa.

Talata, 10 ga Nuwamba, bayan magariba

Sawu shida na yi yau, jarka biyu-biyu. Cinyoyina kamar ba nawa ba. Gida-gida nake ajiyewa, in yi sallama in juya. Wasu sun amsa. Gida biyu sun bar jarkar a waje har rana ta gasa ta. Barira ta karɓa, ta juye, ta miƙo mini jarkar ba ta dube ni ba. 'Yarta tana wasa a ƙofa, ina ta kallonta ko zan ga wani abu. Ban san me nake nema ba, ban kuma san ranar da zan daina nema ba.

Sawun farko na kai ƙofar Inna. Taiba ta fito da saƙo: a gaya ma direba ita sai kowa ya sha.

Direba. Ko wannan na gode.

Gida goma sha bakwai ne a tungar. Yau na kai goma sha biyu rana ta faɗi. Inna ta yi taimama ta yi sallah, randarta a kife. Gobe zan fita tun asuba.